Jita Ba Ta Kiɗa Sai An Daidaita Ta

Karatu: Afisawa 4:11-16



Da yawa cikinku kun ga jitar lantarkin nan mai launin ƙasa-ƙasa da 'yan kiɗan zumuntarmu suka fara riƙewa tun sujadar Kirsimeti. Waɗansu sun san cewa ba daga shago ta fito ba, a nan gida muka yi ta. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wane aiki ne ya fi ba mu wuya. Yawancin masu tambayar suna jira in ce yankan katako. Gaskiyar magana, zana siffar jikin a kan katako, da yanke shi, da fafe ramukansa, duka ba su kai mako biyu ba. A ƙarshen mako na biyu duk wanda ya leƙo shagon sai ya ce, "Ai kun gama." Amma daga ranar zuwa ranar da jitar ta fitar da sautin da za a iya yabon Allah da shi, sai da wata uku suka wuce. A cikin watannin nan ba mu ƙara wani babban abu ba. Gogewa muka yi ta yi, da jira, da aunawa, da rage ɗan wannan domin ya shiga ɗan wancan. A kan wannan aikin nake so mu yi tunani yau, domin ina ganin ya shafi halin da zumuntarmu take ciki.

Bari in fara da kayan. Wuyan jitar ba sabo ba ne. Daga wata tsohuwar jita muka kwance shi, wadda jikinta ya tsage tun da daɗewa aka jingine ta a ɗakin ajiya na majami'a. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne dabarar wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1950 ya fito da jitar da ake ɗaura wuyanta a jiki da sukuru huɗu, yadda in ɗaya ya lalace za a kwance a sa wani. Jikin tamu kuwa maɗaci ne, ragowar katakon ƙofa da ya shekara da shekaru yana bushewa a shagon wani dattijon ikilisiyarmu, kafinta, wanda dukanmu muke kira Baba. Sauran ƙananan kaya da kuɗin baikon zumunta aka saye su: makullan ɗaure tsirkiya guda shida, da wayoyi, da fikof biyu masu ɗaukar sauti, da ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kansa, wanda masu garaya da goge suke kiran irinsa jaki. Kowanne in ka ɗauka ka jujjuya, ba ka samun aibinsa. Amma ranar da muka baza su a kan tebur, tarin kaya ne kawai, babu wanda zai iya rera ko baiti ɗaya da su.

Aikin farko shi ne gogewa. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 120, a koma 220, har zuwa 320. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari, saboda haka ba a tsallake ko ɗaya. Bayan katakon ya yi santsi, Baba ya jiƙa tsumma ya shafe shi, ya ce mu bar shi ya bushe. Da na dawo na shafa sai na ji ya sake yin kaushi kamar ba a taɓa shi ba. Na ce, "Baba, ai ruwan ya ɓata mana aiki." Ya ce, "Ɗana, gashin katakon ne ya tashi. Dā ma yana nan a kwance. Gara ya tashi yau mu aske shi, da ya tashi a ƙarƙashin fenti." Daga baya ya ƙara mini da cewa mutane suna zaton fenti yana rufa wa katako asiri, alhali fenti mai sheƙi shi ne babban matoni. Zanen da idonka bai gani ba a busasshen katako, da an fesa masa sheƙi sai ya fito ɓaro-ɓaro. Maɗaci kuma yana da ƙananan ƙofofi a fuskarsa, sai an cike su an sake gogewa kafin fentin ya kwanta sumul.

Shi kansa feshin yana da lokacinsa. In aka yi da damina, laimar iska takan shiga cikin fentin ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. In aka bari hunturu ya kankama, ƙura ce za ta zauna a kai. Don haka muka yi namu a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko. Kaɗan-kaɗan ake fesawa, a bari ya sha iska, a sake. Da aka gama, Baba ya rataye jikin a ƙuryar shago ya ce kada kowa ya taɓa shi sai bayan mako huɗu.

A nan ne haƙurin 'yan zumunta ya kusa ƙarewa. Fentin yana bushewa a sama cikin sa'a guda, yana walƙiya, ga shi bikin godiyar kaka ya matso, kowa yana so a ga jitar a gaba ranar. Amma Baba ya ɗauki wani guntun katako da aka fesa tare da jikin, ya danna farcensa a kai, sai ga shatin farcen ya zauna. Ya ce sama ta bushe, ciki da saura. In aka ɗaura ƙarfe a kan irin wannan fenti, ƙarfen zai nutse a ciki, shatinsa kuwa ba zai fita ba har abada. Haka bikin kaka ya wuce jitarmu tana rataye. Duk lokacin da na karanta gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa Timoti, cewa kada a ɗora wa sabon tuba nauyin shugabanci, kada kuma a yi hanzarin ɗibiya wa kowa hannu, guntun katakon nan nake tunawa. Ba raina matashi ake yi ba in an ce ya ɗan dakata. Ana gudun kada nauyin ya bar masa tabon da zai bi shi. Ubangijinmu da kansa sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidimarsa a fili, kafin nan kuwa mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi.

Da mako huɗu suka cika muka zo haɗawa. A jikin jita akwai wani gurbi da aka fafe inda gindin wuya yake zama. Kafin fenti, wuyan yana shiga gurbin daidai wa daida. Bayan fenti sai ya ƙi shiga, domin fentin ya ƙara wa bangon gurbin kauri. Wani cikinmu ya ce a buga da guduma. Baba ya ce in aka tilasta shi, fentin gefen zai tsage, wataƙila har da katakon. Sai muka zauna muna kankare fentin cikin gurbin kaɗan-kaɗan, mu gwada, mu sake kankarewa. Shi ma tsohon wuyan bai tsira ba, sai da aka goge tsohon dattin da ya daskare a gindinsa. Sabo ya rage, tsoho ya rage, sannan suka zauna da juna.

Shiga gurbi kuma bai wadatar ba, sai wuyan ya miƙe sak da tsakiyar jiki. Mun ja zare biyu daga kan jitar zuwa ƙasa, ɗaya a gurbin tsirkiya ta fari, ɗaya a gurbin ta shida, muna duban ko tazarar kowanne da bakin wuya ɗaya ce. Karkatar da ba ta kai kaurin farce ba a gindin wuya, kafin ta isa ƙasa ta zama abin da zai sa tsirkiya ta riƙa zamewa daga gefe. Sai da zaren biyu suka yarda muka huda ramuka. Ba a kuma murɗa sukuru cikin katako mai tauri haka kawai. Ana fara huda masa 'yar siririyar hanya, a goga masa sabulu ko kyandir, in ba haka ba ko katakon ya tsage, ko kan sukurun ya karye a ciki.

Sai batun inda jaki zai zauna. Ni a idona akwai wurin da ya fi kyan gani, amma ido ba shi da ta cewa a nan. Wuyan ne yake yanke hukunci. A kan wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a jere waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, kuma na goma sha biyu dole ya faɗo a tsakiyar tsawon tsirkiya. A namu wuyan, daga inda tsirkiya take farawa zuwa ƙarfe na goma sha biyu milimita 324 ne, saboda haka jaki sai ya zauna a wajen milimita 648. In ya gusa gaba ko baya fiye da abin da za a iya gyarawa, duk kyan katako da tsadar fikof sun tashi a banza, jitar ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba. Na daɗe ina tunanin wannan: tsohon wuya da aka tsinto a ɗakin ajiya shi ne ya nuna wa sabon jiki inda zai ajiye jakinsa.

Can sama kusa da makullai akwai wani ɗan abu da tsirkiyoyi shida suke ratsawa ta kansa. Na tsohon wuyan roba ne, ya riga ya cinye. Muka karɓo ƙashin ƙafar sa a wurin mahauta, aka dafa shi aka cire maiƙonsa, aka shanya, aka yanka, sannan aka shiga yi masa tsaga shida da ƙaramin magagari. In tsaga ba ta yi zurfi ba, yatsun mai kiɗa za su sha wuya, sautin kuma ya haura. In ta zarce, tsirkiya za ta riƙa taɓa ƙarfe tana zizara, kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Don haka sau biyu ko uku ake gogawa a tsaya a gwada. Yini guda cur muka yi a kan ƙashin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Haɗa wayoyi kuwa wata 'yar'uwa ce cikin zumunta ta yi, wadda gyaran waya ne sana'arta. Ita ta bayyana mana cewa fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifi 'yar ƙaramar wuta, ita ce amfilifaya take ƙarfafawa har ta zama sautin da muke ji. Matsalarsa ita ce ba ya zaɓe, yana kwaso har da gurnanin wayoyin ɗaki da na janareta. Saboda haka ta shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramukan, ta kuma zura wata 'yar waya ta wani rami da aka huda a ƙarƙashin jaki, ta liƙa ɗaya bakin da dalma a bayan maɓallin ƙara murya. Da aka ɗaure jakin, wayar ta ɓace, ba mai sake ganinta. Amma saboda ita ne da zarar mai kiɗa ya ɗora hannu a kan tsirkiya gurnanin yake kwantawa. A ikilisiya ma akwai irin wannan waya: masu zuwa tun da sassafe su share, masu naɗe wayoyi bayan an tashi, da iyayen nan mata da suke yi mana addu'a da sunayenmu ba mu sani ba.

Yanzu ga wurin da ya fi taɓa ni. Muka ɗaura tsirkiyoyi, muka saita kowace da na'urar saiti har ta nuna daidai. In aka kaɗa su a sake, shida ɗin suna tafiya tare gwanin daɗi. Amma da ɗan'uwanmu mai kiɗa ya fara danna su yana gangarowa tsakiyar wuya, sai muka ji sautin yana tsami. Dalili shi ne, duk lokacin da aka danna tsirkiya tana ɗan miƙewa, muryarta ta ɗan haura, kuma kowace da gwargwadon haurawarta bisa ga kaurinta. Maganin yana kan jaki. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta da ake turawa gaba ko baya da sukuru. Za a kaɗa ta a sake, a danna ta a ƙarfe na goma sha biyu, a gwada. In ta haura sai a ja sirdin baya, in ta gaza a turo shi gaba. Haka ake bin su ɗaya bayan ɗaya, a sake zagayowa. Da muka gama na duba sai na ga sirdunan shida ba su tsaya a layi ɗaya ba, wani yana gaba, wani yana baya kamar matakala. Da an jera su sak don kyan gani, da jitar ba ta daidaita ba.

'Yan'uwa, mu ma a sake muna tafiya tare. Ranar Lahadi da safe muna gaisawa, muna murmushi, muna tafi a waƙa ɗaya. Sai an danna mu ake jin tsaminmu. A wurin koyon waƙa, a ce wa mai ganga ya ɗan sassauta hannu domin a ji muryar mawaƙa, sai ya ajiye sanduna. A ba wata jagorar waƙar da wata ta saba ja, kafin dare wata ta fice daga dandalinmu na WhatsApp. Dattawa su roƙa a sa waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, mu ce sun tsufa. Su kuma wani lokaci su ji sabon kiɗa su yanke cewa duniya ce ta shigo majami'a, ba su tsaya sun ji kalmomin ba. A shekarar da ta wuce mun rasa 'yan'uwa masu baiwa ta wannan hanya. Waɗansu sun koma wata ikilisiya, waɗansu kuwa, abin da ya fi zafi, ba sa zuwa ko'ina. Ba baiwa muka rasa a zumuntar nan ba. Muna da muryoyi, muna da makaɗa, muna da masu iya buɗe Maganar Allah. Kayan kirki ne a baje a kan tebur.

A nassin da muka karanta, Bulus ya nuna cewa Kiristi ya ba ikilisiya bayi iri-iri domin a shirya tsarkaka su yi aikin hidima, har jiki duka ya haɗu ta wurin kowace gaɓa, ya yi girma cikin ƙauna. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a aya ta 12 don wannan shiri, tushenta ɗaya da wadda Markus ya yi amfani da ita a 1:19, inda Yakubu da Yohanna suke cikin jirgi suna gyaran tarunsu. Da ita kuma likitocin zamanin suke faɗin ɗorin ƙashi. Ita ce dai a Galatiyawa 6:1, inda aka ce a komo da ɗan'uwan da ya yi tuntuɓe cikin tawali'u. Wato aikin da Ubangiji yake yi a cikinmu aikin mai ɗori ne da mai gyaran taru: ya ɗauki abin da yake nan, ya mai da shi gurbinsa, ya haɗa shi da na kusa da shi. Wanda aka taɓa yi wa ɗori ya san akwai zafi. Ya kuma san hannun da aka ƙi ɗorawa ba ya sake ɗaukar kaya.

Don haka in shugaban mawaƙa ya ce ka rage murya, ko wata uwa ta ja ki gefe ta yi miki magana a kan wani hali, kafin mu ce an tsane mu, mu tambayi kanmu ko fentin cikin gurbi ne ake kankarewa domin mu zauna daidai. Mu kuma da muke gyara waɗansu, mu koyi hannun Baba. Bai taɓa ɗaukar guduma ba. Yakan goga sau biyu ya tsaya ya gwada, yakan huda hanya ya shafa sabulu kafin ya murɗa, domin ya san abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Kalma ɗaya mai kaushi a gaban jama'a tana iya tsaga abin da aka shekara biyar ana ginawa. Kada kuma mu nace sai kowa ya tsaya a layinmu. Wani sai an matsa kusa da shi yake buɗe baki, wata sai an ba ta lokaci. Saiti ɗaya muke bi, shi ne Kiristi, amma sirdin kowa da inda yake zama.

Abu na ƙarshe, daidaitawa ba ta ƙarewa. Tsirkiyoyi shida suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya haura kilo 40, kusan nauyin buhun siminti, dare da rana. Abin da yake hana shi lanƙwashewa wani sandan ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, wanda ake ɗaurewa ko a sassauta. Da hunturu ya tsananta a watan Janairu katakon ya ƙara bushewa, wuyan ya motsa, sai da aka sake taɓa sandan. Rubu'in murɗi kawai ake yi, a bar shi ya kwana, a duba. In damina ta zo za a sake. Ba a cewa jitar ta lalace don tana bukatar haka, halin itace ne. Mu ma harshe da haƙori ne, zama wuri ɗaya ba ya rasa saɓani. Abin tambaya shi ne ko za mu yarda a sake saita mu, ko kuwa za mu koma ɗakin ajiya mu jingina.

A makon nan, ina roƙon kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya da suka daina jituwa a cikin zumunta, ko wanda ya daina zuwa. Kada mu jira taron sulhu. Mu kira shi, ko mu taka har gida mu gaishe shi. Rubu'in murɗi ya isa a fara da shi.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin baye-bayen da ka zuba a cikin zumuntarmu. Ka ba mu zuciyar da za ta karɓi gyara ba tare da fushi ba, ka ba mu hannu mai taushi sa'ad da muke gyara 'yan'uwanmu. Ka koya mana jira har lokacinka ya yi. Ka tuna da waɗanda suka yi nisa da mu, ka komo da su, ka kuma shirya mu mu karɓe su da murna. Ka haɗa manya da yara su zama jiki ɗaya, domin yabon da yake fitowa daga cikinmu ya gamshe ka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kiristi Ubangijinmu. Amin.